'Yartsanar Jikarmu

Daga Masassaƙi zuwa Mai Fenti

Maman Tilo,

Bayan gaisuwa gwargwadon yadda ta kamata, da fatan kina lafiya, ke da gwangwanayen fentinki.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a cikin kwalin nan. Tun da muka rabu kika ce kada in ƙara kiran wayarki, ban ƙara ba, kuma ban yi kewar hakan ba. Ni in sassaƙa, direba ya kai miki, ke ki shafa fenti ki ɗinka riga, Mai Kanti ya sayar wa masu tara 'yantsana su jera a kabad ɗin gilashi. Tsarin bai taɓa buƙatar mu yi magana ba, shi ya sa ya fi aurenmu daɗewa.

Yau dole ce ta sa. Tilo ta kira ni. E, ni ta kira. Ta ce yarinyarta ta fara wayo, duk abin da ta samu sai ta goya shi. Tana so mu yi mata 'yartsana guda, ni da ke, ta wasa ba ta ajiya ba. Ta ce idan ta isa kuma yarinyar ta karɓe ta, za ta kawo mana ita in ta sami hutu a asibiti, rabin hutun a nan, rabi a wurinki. Ba sai na gaya miki nauyin wannan maganar ba. Jikar nan ni a hoto kawai na san ta, kuma na tabbata ke ma haka ne, duk da abin da kike gaya wa maƙwabta.

Ga jikin nan na aiko. Gunduwa ɗaya ce ta farin itace mara nauyi, ba gaɓa, ba yatsu, na bi ta da samfefa har babu inda zai karci fatar yaro. Aikinki ba shi da yawa: ɗigo biyu na ido, layi ɗaya na baki. Ina roƙonki kada ki yi mata jan kumatun nan naki da ke sa kowace 'yartsana ta yi kama da mai zazzaɓi.

Ki huta lafiya.
Baban Tilo

Daga Mai Fenti zuwa Masassaƙi

Baban Tilo,

Gaisuwarka ta iso, ɗan abin da ke cikinta, ga ta nan na mayar maka daidai yadda ta zo, ban ƙara komai a kai ba.

Ta kira ka? To madalla, sai a fita titi a yi shela. Ni ta fara kira, malam. Ni ce ma na karanta mata lambarka, don ta goge ta tun da daɗewa.

Na buɗe kwalinka na yi ta laluben 'yartsana, na zazzage dusar katako a tsakar ɗaki, sai can na gane ashe wannan guntun taɓaryar ita ce 'yartsanar. Maƙwabciyata ta shigo aron ashana, ta gan ta a kan tebur, ta tambaye ni wace kujera ce ƙafarta ta fita. Na miƙa mata ashanar na sallame ta don kunya.

Ka san gidan da abin nan za shi kuwa? Uwar mijin Tilo ce za ta fara ɗauka ta jujjuya. Ka tuna ranar da aka gabatar da mu gare ta, ta dube mu daga sama har ƙasa ta ce, "Au, masu kayan wasan yara." Na haɗiye maganar nan shekara da shekaru tana nan a maƙogwarona. Yanzu kai za ka aika mata hujja da hannunka. Baƙon da ba ka taɓa gani ba, wanda zai kulle abin a gilashi ya manta da shi, ka zauna ka fitar masa da yatsu har da farce. Jikarka ta jini kuma ka yanko mata itacen girki ka ce ga shi nan.

Ko dai hannun ne ya fara rawa? In shi ne ka faɗa, ba abin kunya ba ne a shekarunka. Na lura kunnuwan da ka aiko a kwalin baya, na hagu ya fi na dama girma, na rufa maka asiri da gashi ban ce komai ba.

Ba zan sa burushina a kan wannan ba. Direba zai dawo maka da ita, ka tokare ƙofa.

Sai na ji daga gare ka, in akwai abin ji.
Maman Tilo

Daga Masassaƙi zuwa Mai Fenti

Maman Tilo,

Ina gaishe ki, don an koya mini gaisuwa ko da wanda ake gaisarwa bai san darajarta ba.

Hannuna lafiyarsa lau. Kunnen da kike magana a kai haka aka nema, 'yartsanar ta karkata kai ne, amma ban yi tsammanin ki gane ba. Ke da kika yi shekaru kina zana gira kamar an taka ƙadangare.

Buɗe kwalin a hankali. Na ajiye duk aikin Mai Kanti na zauna a kan wannan. Sabuwa ce, ta jan itace mai tauri, daga gungumen da na ɓoye a saman rufin shago tun kafin a haifi Tilo. Wuya na juyawa, kafaɗa da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa duk suna lanƙwasuwa, roba ce ta ratsa ta ciki ta riƙe su. Yatsu goma, kowanne da gaɓoɓinsa da farcensa, da wuƙar da ta fi kowacce siranta na fitar da su. Ki ɗaga tafin hannun a haske, za ki ga har zanen tafi. Sai ki kira maƙwabciyar taki ta gaya mana wace kujera ce wannan.

Tunda kuma kin kawo maganar jini, bari in tuna miki wani abu. Ba haka kawai Tilo ta ce ta wasa take so ba. 'Yar masu yin 'yantsana ce ta girma tana naɗe burushin takalmina a hankici tana goyawa, tana yi masa waƙa. Wa ya jawo haka? Ranar da ta hau kujera ta ɗauko 'yartsanar da kika shanya a kan kantar ɗakin aikinki, man sheƙi bai bushe ba, shatin ɗan yatsanta ya fito a kumatun, ke kika kama hannun yarinya kika dirje shi da kananzir har fatar ta yi ja ta saɓule. Ina shago ina jin kukanta ta bango. Tun ranar ba ta ƙara shiga ɗakin aikinki ba.

Don haka ki yi aikinki da kyau a wannan karon, in kina so ki ga jikarki. Ni dai na fita haƙƙin nawa ɓangaren.

Wassalam.
Baban Tilo

Daga Mai Fenti zuwa Masassaƙi

Ranka ya daɗe sarkin gizago,

Gaisuwa da jinjina. Na ga yatsun. Ba laifi. Ashe in an taɓa maka girman kai kana iya tuna sana'arka.

Kana shago kana jin kukanta ta bango, ka ce. To me ya hana ka tasowa? Ƙafarka ma katako ce? Na dirje hannunta, e, don man nan guba ne kuma yarinya ce mai tsotsar yatsa. Amma ba ni ce na ɗauki 'yartsanar mai tabon yatsa na rataye ta a ƙusa a saman ƙofar falo ba, inda duk baƙon da ya shigo sai ka nuna masa ka ce ga aikin Tilo nan. Ba ni ce na sa wa kabad ɗin 'yantsana kwaɗo na rataya makullin a wuya kamar mai gadin banki ba. Yarinya ta fita ta shiga tana sunkuyar da kai a ƙarƙashin abin nan har ta shiga makaranta. Kai wai tarbiyya kake yi. Tarbiyyar ce ta sa da ta tashi tafiya ko waiwaye ba ta yi ba, ta haihu ma sai a bakin mutane muka ji.

Ga 'yartsanar nan na gama. Na yi amfani da fentin ruwa wanda ba ya cutarwa ko an lasa, na sa mata ido da baki kawai da ɗan gashi na zane. Rigar auduga ce, ba maɓalli, ba fil, ba abin da zai tsinke ya shige maƙogwaro, ana cirewa a wanke. Ban shafa man sheƙi ba. Ka duba ka miƙa wa direba ya wuce da ita wurin Tilo, kada ka tsaya dogon nazari.

Na sayi 'yar katifa na shimfiɗa a ɗakin da nake ajiye yadi, na kwashe almakashi da allurai na kai saman kabad. Ban san me ya sa nake gaya maka ba. Ina so in ga yarinyar nan, Baban Tilo, so mai tsanani. Wani lokaci ina cikin zana ido sai in ga nawa ya cika, dole in ajiye burushi.

Allah ya ba mu alheri, kowa a inda yake.
Maman Tilo

Daga Masassaƙi zuwa Mai Fenti

Maman Tilo,

Barka da aiki, in har abin da na gani a kwalin nan ana kiransa aiki.

Na ba ki jan itacen da na yi rabin rayuwata ina tattalinsa, kin yaɓa masa fentin 'yan firamare. Na ba ki jiki mai gaɓoɓi, kin zura masa buhu. Rigar nan da na fara gani na ɗauka tsumman da kika goge burushi ne ya faɗa kwali bisa kuskure. Idanun kuwa ba zan ce komai ba, na ga irinsu a teburin mai kifi. Ke ce kika cika mini kunne da uwar mijin Tilo. To yanzu me za ta ce? Za ta ce mijin dai ya iya, matar ce ashe take jan shi ƙasa, kuma ba za ta yi ƙarya ba.

Na ajiye ta a kan benci na zauna ina kallonta. Yatsu irin waɗannan a ƙarshen hannun rigar da ko kalmasa ba a yi mata da kyau ba. Abin ya ba ni tausayi, ba haushi ba.

Ba zan aika ta haka ba. Sunana ne zai hau ƙarƙashin ƙafarta. In ƙarfin idonki ne ya ragu, ki gaya mini. Mai Kanti ya daɗe yana yi mini maganar wata mai zane da ta fito daga makarantar koyon zane, ya nuna mini fuskokin da ta yi, kuma gaskiya hannunta ba ya wuce layi. Ban amsa masa ba saboda tsohuwar zuma. Amma wannan aikin na jikata ne, ba zan bar shi ya lalace don kara ba. Tilo ba sai ta san wanda ya zana ba.

Zancen katifa kuma, ni ma na sassaƙa mata ɗan gado, da kaina, ba saye na yi ba.

Na bar ki lafiya.
Baban Tilo

Daga Tilo zuwa iyayenta

Baba, Mama,

Ina gaishe ku, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Takarda ɗaya ce na rubuta sau biyu, kowa da tasa, kada wani ya ce an fi son wani.

Direba ya gaya mini kwali ɗaya yake ta kaiwa yana dawowa da shi tsakaninku, har ya fara tunanin ko wasa kuke yi da hankalinsa. Hutuna ya matso. Ban ce ku yi abin da za a nuna wa kowa ba. Uwar mijina ba ruwanta, ba ta ma san da maganar ba. Yarinya ce ƙarama. Tana cin tuwo da hannu biyu ta shafa a bango, tana wanka da duk abin da take so, tana kwana a kansa, in ta yi fushi ta yi jifa da shi. Abin da zai jure wannan nake so.

Na roƙe ku abu ɗaya tak tun da na bar gida. Don Allah ku yi mini shi yadda na roƙa.

Taku,
Tilo

Daga Mai Fenti zuwa Masassaƙi

Baban Tilo,

Gaisuwa. Na san ka ji ni shiru, ka ɗauka na mutu ko na miƙa wuya. Ko ɗaya.

Ka ga takardar 'yarka? Da kai take. Jifa ta ce, kai kuma ka yi yatsu kamar tsinken ashana. Amma ba wannan ya kawo ni ba.

'Yar makaranta ko? Wadda hannunta ba ya wuce layi? Ka kawo ta ta taɓa fuskar 'yartsanar jikata, in ga wanda zai ƙara ɗinka maka ko hular 'yartsana har ka mutu. Ni da na zana fuska tun kana aske gungume kana cewa ka yi kai.

Na sa direba ya ɗauko mini ita daga shagonka, na kankare fentin ruwan tas na koma kan itace. Na rufe ƙofa, ko maƙwabciya ban buɗe wa ba. Fatar na bi ta shafi bayan shafi, kowanne sai ya bushe na goge na ƙara, har ta kai in ka kalle ta za ka rantse da ɗumi a jikinta. Na faɗaɗa ramin idon da ka yi, don ka yi shi ƙarami kamar kullum, na dasa idon gilashi, irin waɗanda na hana Mai Kanti ko da ya yi ta naci. Gashin ido ɗaya bayan ɗaya na dasa shi da bakin allura. Gashin kai na gaske ne. Na Tilo ne, wanda na yanke mata tana ƙarama na naɗe a takarda, ba ka ma san ina da shi ba. Rigar siliki ce da leshi, ƙananan duwatsu a wuya da bakin hannu, maɓallan baya sai da tsinke ake ɓalle su. Na rufe komai da man sheƙi mai kyau don kada ƙura ta kama.

Ban tashi da niyyar zana kowa ba. Da na gama na ja baya na duba, sai na ga wadda ke kallona. Kai ma za ka gani, in gizago bai cinye maka ido ba. Kuma kada ka yi mini fuska, na ga ɗan yatsan hannun hagu da ka karkatar, irin na Tilo sak. Tun farko ka san wadda kake sassaƙawa.

Ka wanke hannu kafin ka ɗauke ta.

Ni ce dai wadda idonta ya ragu,
Maman Tilo

Daga Masassaƙi zuwa Mai Fenti

Maman Tilo,

Gaisuwa mai yawa, wannan karon da gaske.

Na buɗe kwalin a tsaye, na ƙarasa a zaune. Ba zan yi dogon bayani ba, kada kanki ya ƙara girma, da ma ƙofa ba ta isarsa. Kumatun sun ɗan yi ja fiye da kima, amma haka nata suke in ta yi gudu. Ban yi aiki ba ranar. Na rufe shago na zauna da ita, ina jin kamar in ce mata ta yi haƙuri, ban san da me ba.

Takardar Tilo da ke take, ba da ni ba. Wanka ta ce, ke kuma kin sa siliki. Amma na fahimci yarinyar nan, ta faɗi haka ne don ba ta ga abin ba. Ba ta san muna iya yin irin wannan ba. Mu kanmu ba mu sani ba. In ta gani za ta gane ba a taɓa yi wa wani mai kuɗi kwatankwacinta ba, kuma ita aka yi wa.

Mai Kanti ya shigo ya same ta a kan benci. Ya cire hula, ya zagaya ta, ya ce akwai baje koli na masu tarawa da ke tafe, in ba shi ita ko aro ne. Na ce ta jikata ce, ta wasa ce. Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. Na raka shi har titi.

Sai dai ba zan jefa ta a dusar katako in miƙa wa direban nan ba, mutumin da ke ɗora buhun siminti a kan kayan mutane. Na yi mata akwatin gilashi mai firam na ragowar jan itacen, da 'yar ƙofa da sakata ta tagulla, da sanda a ciki mai riƙe ƙugu don ta tsaya ƙyam. Na tafiya ne kawai, in ta isa sai su cire. Amma in suna da hankali za su riƙa mayar da ita ciki bayan an gama wasa. Na rubuta 'yar takarda na manna a ƙasa: kada a bar ta a rana, kada a ajiye kusa da murhu, kada a juya wuyan fiye da rabi, a riƙe ta a ƙugu ba a hannu ba.

Na ƙona alamata a tafin ƙafar dama. Na bar miki ta hagu. Na dawo miki da ita ki sa taki, daga nan direba ya wuce.

Na gode. Kada ki saba jin haka daga bakina.
Baban Tilo

Daga Mai Fenti zuwa Masassaƙi

Baban Tilo,

Na amsa gaisuwar, na kuma adana godiyar, don na san ba za a ƙara haihuwar irinta ba.

Akwatin ya yi. Sakatar ta ɗan karkace, amma daga gare ka ba a neman fiye da haka. Ka ɗauki ƙafar dama ba tare da shawara ba, halinka ne, na sa tawa a hagu kuma ta fi taka kyau.

Takardarka ta bar abubuwa da yawa, kamar yadda ka saba barin aiki rabi. Na ƙara: kada ruwa ya taɓa fuskar, kada a taje gashin, kada a cire rigar, in ƙura ta hau a bi ta da busasshen burushi mai laushi. Na kuma ɗinka 'yar farar safar hannu daidai hannun yarinya, na kintata girman daga hoto, da wata babba ta Tilo. Maiƙon hannu yana dusashe man sheƙi, kai ma ka sani. Yara suna son irin wannan, za ta ɗauka duk cikin wasan ne.

Direba ya tafi da ita a kujerar gaba, na ɗaura mata bel da kaina, na tsaya a bakin titi har motar ta sha kwana. Wannan ne karo na farko da muka yarda a kan abu ɗaya, ni da kai, kuma ban ji daɗin yadda hakan ya yi mini daɗi ba.

Tunda rabi da rabi ne, wurina za su fara sauka. Kada ka soma.

Sai sun iso.
Maman Tilo

Daga Tilo zuwa iyayenta

Baba, Mama,

Ina gaishe ku. Saƙo ya iso lafiya, ko ƙwarzane babu.

Ban taɓa ganin abu mai kyau irinta ba. Na gane gashin, na gane ɗan yatsan. Na karanta dokokinku duka, na ga safar hannun, na yi dariya, na ce waɗannan mutanen ba za su canja ba, amma ni ba ruwana da dokarsu. Na ajiye akwatin a ƙasa, na zare sakata, na fito da ita, na kira yarinya.

Ta taho da gudu, alewa a hannunta ta narke har gwiwar hannu. Ta miƙa hannun kai tsaye zuwa fuskar. Ban san lokacin da na doke shi ba. Da ƙarfi na doke shi, har alewar ta faɗi can ƙarƙashin kujera. Ban taɓa dukanta ba sai ranar.

Ba ta yi kuka ba. Ta ja baya, ta mayar da hannayenta biyu bayanta ta riƙe ɗaya da ɗaya, ta tsaya tana kallon 'yartsanar daga nesa. Haka nake tsayawa a gidanku. Ni sai da kuka yi shekaru kuna koya mini, ita a rana ɗaya na koya mata.

Direba zai dawo muku da ita, ku sasanta wanda zai ajiye. Ba za mu zo ba.

Ku huta lafiya.
Tilo